Layin Farko a Fom ɗin Kakanki

Zuwa ga 'yata Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen da ke tsoronSa. Na sa ta a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin atamfofi, don na san idan na miƙa miki a hannu a mota za ki buɗe, kuma hanyar Ƙaura zuwa Gusau ba ta barin mutum ya karanta ko lambar motar da ke gabansa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika baro shi. Maganar aikinki ce. Kin ce za a horar da ku, sannan ku riƙa shiga gidaje kuna tambayar mata su wa suke hulɗa da su, wa suke kai wa kukansu, maganar wa suke ji, a tara amsoshin a ƙididdige. Kin yi mini bayanin a hankali, yadda ake nuna wa tsoho sabuwar rediyo, ni kuma na yi ta gyaɗa kai. Abin da ban gaya miki ba shi ne na taɓa yin wannan aikin, kina 'yar firamare. Wata huɗu kawai na yi, amma shi ya raba ni da mahaifina a watanninsa na ƙarshe. Gara ki ji yadda aka yi daga bakina.

A kakar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ne. Jihar tana sabuwa, kowa na son ya san abin da muke ciki. Wani Dakta ya zo daga wata jami'a, Bahaushe ne, amma ya daɗe a ƙasar waje har gaisuwarsa ta gajarce. Yana neman malaman makaranta masu kyan rubutu. Aka ɗauke mu, maza shida da mata huɗu, don namiji ba ya shiga cikin gida. Ni aka haɗa ni da Lawali, malamin firamare daga Zurmi, mutum ne mai sanyi wanda ba ya tsallake doka ko da ba mai kallonsa. Tsarin aikin mai sauƙi ne. A zaɓi unguwa, a bi kowane magidanci a cikinta, a tambaye shi: idan abu ya dame ka, wa kake gaya wa? A fom ɗin akwai layi biyar na rubuta sunaye. Daga baya Dakta zai zana taswira, kowane mutum ɗigo, duk wanda ya ambaci wani a ja layi tsakaninsu. Ya ce da haka za a ga ta inda magana ke bi ta shiga gari, a kuma ga wanda aka bari ba shi da kowa. Aka sa muka yi alkawari biyu: ba za mu rubuta abin da ba a faɗa mana ba, kuma abin da aka faɗa ba zai fita daga takarda ba. Duka biyun na karya, kuma ban ɓata lokaci ba.

Na farko a Galadi. Mutane na ɗari-ɗari da mu, don a lokacin duk wanda ya zo da biro yana tambayar sunaye, sai a ɗauka rahoto zai kai. Wani dattijo ya ce mini, "Yanzu da anka ce Shari'a ta zo, kai kuma kaz zo neman sunan abokaina? Mi sunka yi?" Sai na yi rabin awa ina rantsuwa kafin a ba ni suna ɗaya. Ran nan da la'asar saura gida guda, can bayan gari, na wani tsoho da aka ce ba ya ji sosai kuma ba ya son baƙi. Na dubi nisan, na dubi rana. Na zauna a gindin tsamiya na cika masa fom da kaina. Na ba shi liman, na ba shi mai unguwa, na ƙara masa maƙwabta uku. Ban taɓa yi wa wani kyauta mai yawa haka ba. Da Dakta ya zana taswirar unguwar, ya yi murna ƙwarai, ya ce a duba, a nan babu wanda aka yasar. Bayan shekara na ji tsohon ya rasu, kuma sai da aka kwana biyu kafin a lura ba ya fitowa.

Ba na cewa da na je da ya rayu. Amma an aike ni ne musamman don in gano irinsa, ni kuma na rufe shi da abokan ƙarya. To ki ji, Kulu. Gidan da ya fi wuyar zuwa, shi za ki fara zuwa da safe, ƙafarki na da ƙarfi. Idan kuma kin kasa, ki bar fom ɗin fari ki ce kin kasa. Faɗan shugaba na yini ɗaya ne.

Na biyu a Shinkafi, ranar kasuwa. A unguwar da muka bi akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi da wani direba, Ɗan'ige, wanda ke yi masa jigilar buhuna tun suna samari. Kowa ya san su tare, kwano ɗaya suke cin abincin rana a rumfar Alhajin. Na tambayi Alhajin da safe, na tambayi direban da azahar. Direban bai ko yi tunani ba, sunan Alhaji ya fara faɗa. Da muka gama ya saya mini fura, muna sha ya matso.

"Malam Garba, tsakaninmu, shi Alhaji wa yac ce?"

"An hana mu faɗa."

"Haba Malam. Ni dai na san ni na na hwarko. Na biyun nika son in ji."

Na yi dariya. Ina da wannan ciwon, idan na ga magana za ta yi daɗi ba na iya riƙe ta, ke ma kin sani. Na ce, "Ai kuwa a cikin biyar ɗin nan ban ga direba ba. Alhazai ne zalla."

Shi ma ya yi dariya, ya ce, "To, madalla." Ya shanye furarsa, ya goge baki, ya ce zai je ya duba taya. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai bayan wata biyu da na koma Shinkafi na ga wata mota daban tana lodi a gaban rumfar Alhajin. Na tambaya, aka ce ba wanda ya san abin da ya shiga tsakaninsu, ba su yi faɗa ba, Ɗan'ige ne kawai ya daina zuwa. Ni na sani. Kuma na san Alhajin ya lissafa manyan mutane ne don ya ga mai biro a gabansa, yana son takardar gwamnati ta san da wa yake zama. Kowa na yin haka. Na so in je in gyara, amma gyaran na nufin in tsaya gaban mutum biyu in ce ni ne na ci amana, sai na bar wa gobe.

Za a ba ki sirrin mutane don kawai kin yi sallama da ladabi kina riƙe da takarda. Wata za ta kama hannunki ta ce, 'yar nan, don Allah maƙwabciyata ta ambace ni? Ki ce ba ki sani ba. Idan ta matsa, ki ce kin manta. Ki yarda a ce ba ki da kai, ya fi.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro.

Unguwa ta ƙarshe a jerinmu a Gurbin Ɓore take, kuma ita ce unguwar da aka haife ni. Doka ta hana mutum ya tambayi danginsa, don haka Lawali ya ɗauki gidanmu, ni na ɗauki wancan ɓangaren.

Kin san kakanki kaɗan, amma a matsayin jika kika san shi, mai wasa da ba da gyaɗa. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba. Ina ƙarami "yaron ga" nake, da na kama aikin koyarwa na zama "na Ƙaura". Ina zaune a gabansa zai juya ga ƙanena ya ce, "Sani, tambayi na Ƙaura ko ya ci abinci." Da Sani yake hira, da Sani yake dariya. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don haka kowane gida yake, kunyar ɗan fari ce. Abin dariyar ma, ni ne na tashi a wurin horo na yi wa Dakta bayanin wannan al'ada, da Turancina mai kyau. Na ce mutanenmu ba sa faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruki ba ya kama sunan suruki, saboda haka wanda ya fi kusa da zuciya shi ne zai ɓace a fom ɗin nan. Dakta ya ce magana ce mai ban sha'awa, ya rubuta a littafinsa, sannan ya ce amma kwamfuta ba ta iya jan layi sai da suna, don haka abin da aka faɗa kawai za mu rubuta. Na zauna ina jin daɗin kaina har yamma.

Ranar da muka gama Gurbin Ɓore, ni ne mai ɗaure takardu. Lawali ya tafi alwala. Fom ɗin Baba na cikin tarin, na gane lambar gidan. Na gaya wa kaina zan duba ne ko Lawali ya cika daidai.

Layin farko babu komai. Na ce a raina, Lawali da ganganci, ya fara daga layi na biyu. A na biyun, Sani. Na uku, liman. Na huɗu, Baffa Umaru ƙanensa. Na biyar, Jaɓɓi, Bafulatanin da ke yi masa kiwo. Na juya bayan takardar ko akwai ƙari. Babu.

Kulu, abin da na sani tun ina ɗan shekara biyar, abin da na koya wa mai digiri uku, da na ga takardar nan sai ya fice mini daga kai. Hasali ma bai fice ba, na tuna shi, na ture shi. Na ce kunya a gaban mutane ake yin ta, wannan kuwa shi da Lawali ne kawai a zaure, an kuma rantse masa ba mai gani. Na ce ashe dama can haka ne, tun da na bar gona na bi boko ya cire ni, kunyar mayafi ce kawai. Har makiyayi ya samu layi. Mutumin da ya yi karatu ba ya rasa hujja idan yana son ya ji ciwo. Shekara arba'in ina ganin idon mahaifina, amma na fi yarda da layi biyar da tawadar biro, don su a rubuce suke.

Na ɗaure takardun da kyau, ban ce wa kowa komai ba. Da ma duk Asabar nake hawa babur in je gida in kwana. Sai na daina. Ban yi fushi a fili ba, na fi ƙarfin wannan. Aiki ne ya yi yawa. Nakan aika da sukari da sabulu ta hannun direbobi, har na ƙara yawansu, don kada a ce na gaza. Saƙo ya zo ta bakin wani mai kabu-kabu: Baba ya ce a gaya wa na Ƙaura geron bana ya yi kyau. Na ce madalla. Bayan mako uku wani ya zo: a gaya wa na Ƙaura saniya ta haihu. Na ce Allah Ya raya. Na san sarai abin da saƙon ke nufi, mahaifina bai taɓa aiko wa kowa labarin saniya ba. Amma ina so ya faɗa da baki, ni da na san bakinsa ba zai iya ba.

Da Babbar Sallah na je, don ba yadda za a yi. Ke ma kina cikin tafiyar, kin sa wani jan takalmi da ya matse ki. Na gaishe shi a zaure, na ga ya rame, na ce a raina tsufa ne. Kafin la'asar na miƙe.

Ya dubi Sani. "Har za shi tashi?"

Na ce, "Akwai aikin makaranta, Baba."

Ya murza fatar ragon da ke shanye a gefensa. Sannan ya ce, "Sani, ba shi cinya guda. Allah shi kai ku lahiya."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, ita ma ta hannun Sani ta bi.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Washegari da hantsi ina cikin aji, na hango ɗan Baffa Umaru a bakin taga, jikinsa duk laka. Lokacin babu wayar hannu. Rafi ya kawo, sai da ya zagaya, mu ma sai da muka zagaya. Muna isa muka tarar da mutane na dawowa daga maƙabarta, suna wanke ƙafa a ƙofar gida. Aka ce ya yi kwana tara a kwance. Na tambayi Sani me ya hana a aiko. Ya ce Baba ne ya hana, ya ce na Ƙaura na da aiki, kada a tashe shi.

Ranar sadakar uku Lawali ya zo ta'aziyya daga Zurmi. Bayan an shafa fatiha ya ja ni gefe, jikin rumbu.

Ya ce, "Akwai abin da na riƙe, don mun yi alkawari. Amma tunda mai maganar ya riga mu, ina ganin ba laifi. Ran da na tambayi Baba, ka san mi yac ce?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ina gama tambaya yac ce, akwai wani can Ƙaura. Nac ce, wa ke nan, Baba? Yac ce, kai ka san shi, tare kunka zo. Nac ce, Baba, doka ta, sai ka hwaɗi suna da bakinka. Sai yad dube ni kamar na ce ya tuɓe riga cikin kasuwa. Can yac ce, to bar wurin nashi hakanan, kada ka sa kowa ciki, sauka ƙasa ka rubuta Sani." Lawali ya yi ɗan murmushi. "Shi ya sa na bar layin. Na ce bari in gaya maka, ko ka ji sanyi. Na san ba ka gani ba."

Na ce masa na gode. Me zan ce? Shi ya riƙe alkawari wata biyar, ni na karya cikin minti ɗaya. Da ya kasance mai surutu irina, da tun a kan babur ya gaya mini.

Da yamma Gwaggo Hajo, yayar Baba, ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce duk Asabar tun da na daina zuwa, sai ya leƙa madafa ya ce a ƙara tuwo. Ba ya cewa na wane ne, ba a kuma tambayarsa. Da safe a ɗumama a ba yara. Ta ce, "Mi munka yi maka, Garba?" Ban iya gaya mata takarda na karanta ba. Har ta rasu tana zaton innarki ce ta hana ni zuwa, kuma na bar ta da wannan zaton. Wannan ma laifi ne, na nemi gafarar innarki a kansa, ta yafe, ko da yake takan tuna mini idan ta ga dama.

Daga baya na ga taswirar unguwarmu a wurin Dakta. Baba ɗigo ne mai layi huɗu. Wurin da aka bari fari, kwamfuta ta ɗauke shi babu. Ban ga laifin kwamfuta ba, ita ba a Gurbin Ɓore aka haife ta ba.

To ga abin da nake so ki riƙe. Aikinku na da amfani, ban ce ki raina shi ba. Ƙidaya na nuna abin da ido ɗaya ba ya gani. Amma za ki zauna gaban matan da ba za su kama sunan miji ba, ba za su kama na ɗan fari ba, ba za su kama na uwar miji ba ko da ita ce ta riƙe su. Ki lura da inda mace ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce "mai gidan" ko "wancan". Ki rubuta a gefen takarda, ko da an ce babu wurinsa. Ki gaya wa shugabanninku, idan sun ce magana ce mai ban sha'awa, ki sake gaya musu gobe. Kada ki karanta abin da ba a ba ki ba. Idan kuma wata rana wani abu ya nuna miki cewa wanda kike ƙauna ya cire ki daga ransa, kada ki zauna kina tara hujja. Ki hau mota ki je ki zauna kusa da shi, ko ba za ku ce komai ba. Ni Asabar ashirin na samu, na bar su suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Saura abu guda, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Gidan yayanki za ki sauka, shi ne nawa ɗan farin. Kin san tun da ya koma Kaduna ban taɓa rubuta masa ba, idan ya kira waya ina amsa sallama nake miƙa wa innarku. Shi ma ya yi karatu, irin wanda ke sa mutum ya fi yarda da abin da ya ji ko ya gani a rubuce. Kwanakin baya innarku ta ce ya tambaye ta ko akwai laifin da ya yi mini, ya ce ya lura da ke nake hira. Bana bai zo da Sallah ba, ya aiko da shadda mai tsada. Na san wannan shaddar, ni ma na taɓa aikawa da irinta.

Sau uku na zauna in rubuta masa. Nakan kai "Zuwa ga", sai hannun ya tsaya. Duk littattafan da na karanta ba su cire mini wannan ba, ɗan mahaifina ne ni. Saboda haka idan kin gama karanta takardar nan, kada ki mayar da ita akwati. Ki manta da ita a kan teburinsa, a buɗe. Kada ki ce ni na ce.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na wasu. Ya sa ki shiga gidajen mutane da aminci ki fito da amanarsu. Ya jiƙan kakanki, Ya yafe wa ɗansa. Innarki na gaishe ki, ta ce man shanun da ke cikin gwangwani na matar gidan ne, ba naki ba. Allah Ya yi miki albarka, ke da wanda za ki sauka a gidansa, Ya dawo mini da ku ina da rai.

Wassalam,
Mahaifinki,
Ƙauran Namoda.